MASHAYA BA TA DA UBA: KIRA GA FATAKEN SHANU NA PARAKU DA JUGU

Shugabannin ƙungiyarmu, da masu gida, da dillalai, da 'yan kora, da direbobi, da duk wanda ke cin abinci a bayan saniya, ina roƙon a ba ni fili a wannan takarda tamu in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ba ɗan boko ba ne, iyakacin karatuna Islamiyya, amma na haura shekara talatin ina bin shanu tsakanin Malanbil da Gogunu da Paraku da Jugu, har zuwa Sabe da kan iyakar Nijeriya. Saboda haka abin da zan faɗa ba a littafi na gani ba, a bakin mashaya na gan shi.

Duk lokacin da muka yi taro, maganarmu ba ta wuce uku: kuɗin hanya, da rufe iyaka, da faɗuwar naira. To, waɗannan duk gaskiya ne, suna cinmu. Amma akwai abu na huɗu da ke cinmu a ɓoye, babu mai kawo shi a taro, shi ne lalacewar ruwan da shanunmu ke sha. Kuma abin da nake so in tabbatar wa 'yan'uwana shi ne, duk ƙoƙarin da mutanen gari ke yi na gyara rafuka da tafkuna mutuwa yake yi, kuma ɗaya daga cikin dalilan mutuwarsa mu ne, domin mun ɗauki kanmu baƙi masu wucewa, muna sha ba ma gyarawa.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata shekara da rani na sayi wani bijimi fari a kasuwar Kolokonde ta ƙasar Jugu, sa ne wanda kowa ya gan shi sai ya sake waiwayowa. Na haɗa shi da wasu na ajiye a bayan gari wajen mako uku ina jiran kasuwa ta yi kyau. Yaran da ke kula da su suna kai su wani rafi da ke gangarowa daga cikin gari. Sai sa ya fara ƙin ci, ciki ya kumbura, jiki yana zubewa. Na kira likitan dabbobi ya yi allura, na ba da jiƙo irin namu na gargajiya, duk a banza. Da na ga zai mutu mushe sai na kira mahauci. Jama'a, da aka farke tumbinsa, leda ce dunƙule guda, ta murɗe da igiya da tsumma ta yi tauri kamar dutse, sai da mutum ya sa hannu biyu ya ɗaga ta. Hantar kuma likita ya duba ya ce tsutsa ta cinye ta, a zubar. Sa na jikka ɗari uku da wani abu, ban fid da rabin kuɗina ba. Babu ɗan duwan da ya karɓi wannan kuɗi, babu jandarma. Rafi ne ya karɓe shi.

INA RUWAN YAKE FITOWA, INA ZA SHI?

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce ai Benin ƙasar ruwa ce. Haka ne da damina. Amma daga watan Disamba zuwa Afrilu, mu da muke bin daji mun san cewa yawancin rafuka yankewa suke yi, sai 'yan gurabe da ƙananan madatsai da aka gina wa ƙauyuka. A nan ne kowa ke haɗuwa: makiyayi da bafatake, da mai lambu, da mai wanki, da masunci, da mai bulo.

Kogin Weme, wanda shi ne babban kogin ƙasar nan, daga duwatsun yankin Jugu yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita wajen 500 kafin ya isa tafkin da ke bayan Kwatano. Kogin Okpara kuma daga cikin Bargu yake tasowa, ya bi ta gabashin Paraku, ya zama iyaka tsakanin Benin da Nijeriya na wani dogon zango, sannan ya faɗa Weme a kudu da Sabe. A kan Okpara ɗin nan ne aka gina madatsa a 1969, kusa da ƙauyen Kpasa, kuma daga nan kamfanin ruwa na SONEB ke jawo ruwan famfon da Paraku ke sha, garin da a ƙidayar 2013 mutanensa sun haura 250,000. Jugu ita ma ta daɗe tana dogara da madatsar Tero. Wato ke nan, ruwan da ake wanke tirela a cikinsa a sama, shi ne wani ke yin alwala da shi a ƙasa.

Su wa ke ɓata shi? Kada mu yi wa kanmu ƙarya, kowa da nasa rabo. Mutanen gari suna zuba shara da ruwan makewayi a kwata, ruwan farko na damina ya kwashe ya kai rafi. Manoman auduga da masara suna yin feshi har bakin gaɓa, su wanke tukunyar feshin a cikin ruwan. Dattawanmu ba su manta da daminar 1999 zuwa 2000 ba, lokacin da maganin auduga mai suna endosulfan ya kashe mutane da dama a nan Bargu, har daga baya gwamnati ta hana shi a 2008. An hana wannan, amma feshi bai ragu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi tun da maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya. Masu gawayi sun sare itatuwan bakin rafi, ƙasa tana zaizayewa tana cike madatsai. Wasu masunta marasa tsoron Allah suna zuba guba domin kifi ya taso. 'Yan kabu-kabu suna wanke babura, baƙin mai yana bin ruwa.

Mu fa? To, a nan ne maganar take da ɗaci. Garke ɗaya na shanu ɗari in ya shiga tafki, ba sha kaɗai yake yi ba: yana tattake gaɓa, yana dama laka, yana kashi da fitsari a ciki. Direbobinmu in sun sauke kaya, bakin rafi suke nufa su wanke kashin mota. Yaranmu suna wanke wa shanu maganin kaska a nan, su jefar da kwalba. In saniya ta mutu a hanya, sau nawa aka ja ta aka jefa a kwari domin gudun wahalar haƙa rami? Jinin mayanka da ƙazantar tumbi, ina suke gangarawa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun sani, shiru kawai muke yi.

YADDA GAYYARMU TA MUTU

Ba wai mutane ba su taɓa tashi ba ne. Sun tashi, ni ma da ni aka tashi. Akwai wata ƙaramar madatsa kusa da wata kasuwar shanu a kan hanyar Paraku zuwa Jugu, ba zan ambaci sunan garin ba domin kada a ce na tona asirin wani. Ruwanta ya yi kore, kainuwa ta rufe rabinsa, yara suna fitsarin jini saboda tsargiya. Sai limamin garin da sarkin Fulani da shugabar mata suka kira taro. Aka sa ranar gayya. Wallahi ranar abin gwanin sha'awa: samari sun shiga ruwa har ƙirji suna jawo ciyawa, mata suna kwashe leda, mu fatake muka ba da ɗan maraƙi aka yanka aka yi abinci. Aka kafa kwamiti, aka raba gaɓar uku: nan na shanu, nan na wanki, nan na ɗiban ruwan gida. Aka dasa itatuwa. Muka watse muna murna mun yi abin kirki.

Shekara biyu ba ta cika ba wurin ya koma gidan jiya. Na zauna na yi ta tunanin abin da ya kashe wannan aiki, kuma na tambayi abokai a wasu garuruwa, na tarar ciwon iri ɗaya ne ko'ina. Ga abin da na gano.

Na farko, mai gyara yana ƙasa, mai ɓatawa yana sama. Mun share madatsa, amma ƙazantar daga gonaki da garuruwan da ke sama take zuwa, kuma kwamitinmu ba shi da iko a can. Ruwan sama ɗaya ya mayar da abin da muka yi wata guda muna kwashewa. Wannan ciwo shi ne na babbar madatsar Okpara ma. Madatsar tana cikin ƙasar Cawuru, masu shan ruwan suna Paraku, rafukan da ke cika ta kuwa suna fitowa ne daga ƙasashen Ndali da Perere da Nikki. Tun da aka fara zaɓen magadan gari a ƙarshen 2002, kowace karamar hukuma da nata magajin gari da nata asusu. To, manomin Perere da ba ya shan ruwan famfon Paraku, da wane dalili za ka hana shi noma bakin rafi, in ba ka ba shi wani abu a madadin ba?

Na biyu, kuɗin baƙo. Bayan gayyarmu da 'yan watanni sai ga wata ƙungiya ta zo da mota fara, ta ce ta ji labarinmu za ta taimaka. Aka raba baro da shebur da riguna, aka riƙa kiran 'yan kwamiti taro a birni ana ba su kuɗin zama. Ban ce niyyarsu mummuna ba ce. Amma daga ranar, aikin da ake yi domin Allah ya koma aikin kuɗi. Samarin da suka shiga ruwa kyauta suka ce su ma sai an biya su, tun da shugabanni suna karɓa. Da wa'adin furojen ya ƙare, motar ta daina zuwa, gayya ta mutu, har baron ma ba a san inda suka shiga ba.

Na uku, rabon ɗan gari da baƙo. Manomi ya ce shanu ne ke ɓata ruwa. Bafillace ya ce feshi ne ke kashe masa maruƙa. Mata suka ce an ba su gefen da ya fi laka an bai wa shanu gefe mai kyau. Da rigima ta taso, kowa ya koma cikin yarensa yana magana, Bariba da nasa, Dendi da nasa, Fulani da nasu, mu da namu. Kuma duk sanda aka rasa wanda za a ɗora wa laifi, sai a ce shanun fatake ne, domin mu ba ma wurin balle mu kāre kanmu.

Na huɗu, doka ba haƙori. Kwamiti ya ce duk wanda aka kama yana wanke mota zai biya tara. Ranar farko da aka kama wani, ashe motar wani babban mutum ce. Aka yi ta ba da haƙuri, aka sake shi. Daga ranar babu wanda ya ƙara biyan ko dala.

Na biyar, kuma shi ne uwa uba, babu asusu mai ɗorewa, ɗan abin da aka tara kuwa babu mai bayanin inda ya shiga. An yi karo-karo sau ɗaya, aka ce za a sayi siminti, ba a ga siminti ba, ba a ga takarda ba. Mai yiwuwa ba cinyewa aka yi ba, amma tun da ba a karanta lissafi a bainar jama'a ba, zato ya shiga, zato kuwa in ya shiga tsakanin mutane, aiki ya ƙare.

A cikin waɗannan biyar, ina namu laifin? Mun ba da maraƙi rana ɗaya muka shafa fatiha muka hau mota. Ba mu nemi kujera a kwamiti ba. Ba mu ƙara tambaya ba. Amma kowane mako shanunmu suna nan suna sha.

DOKA TANA NAN, A TAKARDA

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. To, gwamnati ta yi nata rubutun. A 2010 an yi dokar kula da ruwa ta ƙasar Benin, wadda ta yarda cewa masu amfani da ruwa su shiga cikin sha'anin kula da shi, kuma wanda ya ɓata shi ne zai biya. A ƙarshen 2017 an yi dokar hana leda irin wadda ba ta ruɓewa. A 2019 an sa hannu kan dokar kiwo, wadda ta yi maganar burtali da mashaya. Babbar madatsar Okpara ma an kashe mata kuɗi mai yawa wajen gyara a 'yan shekarun nan. Duk wannan mun gode. Amma ku je bayan kowace kasuwar shanu ku duba, ku gaya mini ko leda ta ji labarin an hana ta. Gwamnati tana iya gyara bangon babbar madatsa, amma ba za ta sa ma'aikaci a bakin kowane tafki ba. Ƙananan mashaya, waɗanda su ne rayuwar sana'armu, in ba mu da mutanen gari muka riƙe su ba, babu mai riƙe su.

Waɗanda ke zuwa Kano a cikinmu sun ga ƙarshen irin wannan sakaci. Jakara da rafi ce mai tarihi a tsakiyar birni, ta koma kwatar ƙazanta har aka rufe wani sashenta da kankare aka yi titi a kai. Kogin Challawa kuwa ya sha ruwan masana'antun jima, wato fatun dabbobin da irinmu ke kaiwa. Can kuma wajen Haɗeja da Nguru, bayan an gina madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, mutanen ƙauyuka suka riƙa yin gayya suna sara da adda, tana sake tsirowa, domin tushen matsalar yana can sama inda hannunsu bai kai ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Rafukanmu ba su kai can ba tukuna, amma hanyar suka ɗauka.

DARASIN GOGUNU

Amma ban rubuto domin in karya wa kowa gwiwa ba. A cikin sana'armu ɗin nan akwai misalin aikin da mutanen ƙasa suka kafa da kansu ya kuma ɗore, kuma duk mun san shi: kasuwar Gogunu. Tun a shekarun 1970 makiyayan can suka fara ƙorafin cewa dillali yana ɓoye musu farashi. Aka daɗe ana ja-in-ja, daga ƙarshe aka daidaita cewa mai saye da mai sayarwa su yi ciniki ido da ido, tsofaffin dillalai su zama shaidu, a yanki tikiti a kan kowace dabba, a rubuta, a raba kuɗin bisa ƙa'ida sananniya. Ni da na gaji dillanci, ba zan ɓoye ba, abin ya yi wa iyayenmu ciwo a lokacin. Amma ku duba abin da ya haifar: kasuwa ta samu asusu, aka yi gine-gine, tsarin ya bazu zuwa wasu kasuwanni, har makiyaya suka kai ga kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, ANOPER.

Me ya sa wannan ya rayu, gayyarmu ta mutu? Domin kuɗinsa daga cikin cinikin yake fitowa kowane mako, ba daga motar baƙo ba. Domin akwai shaida da rubutu. Domin kuma ba a kori wanda ake ganin shi ne matsala ba, an ba shi aiki ne a cikin sabon tsari. To, abin da ya gyara kasuwa shi zai gyara mashaya.

SHAWARATA GA ƘUNGIYA

Ɗaya: a sa wa kowace saniya da aka sayar a kasuwanninmu, Turu da Gema da Kolokonde da sauransu, kuɗin ruwa dala ashirin, wato sefa 100, mai saye rabi mai sayarwa rabi, da tikitinsa daban, kada a gauraya shi da kowane kuɗi. Ku yi lissafi da kanku. Kasuwar da ke sayar da kai 300 a mako za ta tara jikka 30, a shekara sefa 1,560,000. Ba zai haƙa sabuwar madatsa ba, amma zai gina kwami, ya biya mai gadi, ya sayi man injin jan ruwa.

Biyu: a fid da shanu daga cikin ruwa. Wannan shi ne babban aikin. A gina kwamin siminti a ƙasa da madatsa, a jawo ruwa da bututu ko da famfo mai aiki da hasken rana, a killace gaɓar. Babban sa yana shan lita 30 zuwa 40 a rana da zafi, wannan abu ne da ake iya lissafawa a tanada. In saniya ba ta shiga laka ba, ta tsira daga cin ciyawar bakin ruwa inda ƙananan dodon koɗi ke yaɗa tsutsar hanta, ruwan kuma ya tsira daga kashinta. Riba biyu ke nan.

Uku: mu nemi kujera a kowane kwamitin ruwa da ke kusa da kasuwa ko kan hanyar shanu, mu naɗa mutum zaunanne, mai gida ko wakilinsa, ba wanda yau yana Paraku gobe yana Ikko ba. Kuma a zauna da mata da masu lambu da Fulani da Sarkin Fawa, kowa a ji bakinsa kafin a yanke magana.

Huɗu: a karanta lissafin asusun a bainar jama'a ranar kasuwa, sau ɗaya a wata, da Hausa da Dendi da Fulatanci da Baribanci. Makulli uku, hannu uku, kuma kada biyu su fito daga gida ɗaya.

Biyar: mu fara hukunta namu kafin mu nuna wa wani yatsa. Direban da ya wanke mota a rafi, ƙungiya ta hana shi lodi mako guda. Wanda ya jefa mushe a kwari ya biya tara. A ware wurin wankin mota nesa da ruwa, a haƙa rami, kashin ma masu lambu za su saye shi da kuɗi. A sa yara biyu su riƙa tsince leda a kasuwa bayan an tashi, a biya su daga asusu. In mutanen gari suka ga mun ci tarar Alhajinmu, to, ranar da aka kama motar babban mutum ba za a ji kunyar karɓa ba.

Shida: shugabanninmu su ɗauki wannan magana su kai wa magadan garin Paraku da Cawuru da Ndali da Jugu, domin abin da ke zuwa daga sama sai hukuma ta sa baki. Amma mu je da tikitinmu a hannu. Wanda ya zo da nasa a hannu, maganarsa daban take da ta mai roƙo.

MASU CEWA A'A

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a rumfar shayi. Wani ya ce, "Alhaji, kuɗin da ake karɓa a hannunmu bai isa ba ne sai ka ƙaro wani?" Gaskiyarsa. Daga inda aka ɗora saniya zuwa inda aka sauke ta, hannuwan da ke miƙowa ba su ƙirguwa. Amma duk waɗancan kuɗi ne da ba ma ganin inda suke zuwa. Wannan shi kaɗai ne zai tsaya a gabanmu, a ƙarƙashin makullinmu. Wanda ya yi asarar sa guda irin nawa, ya biya kuɗin ruwan shanu dubu uku a rana ɗaya, ba tare da ya samu ko godiya ba.

Wani kuma ya ce, "Ni ɗan Nijar ne, ni ɗan Nijeriya ne, kwana uku nake yi in wuce, ina ruwana da rafin Benin?" Ɗan'uwa, kakanninmu ma wucewa suke yi. Ayarin goro daga Kano zuwa Gwanja ta nan yake bi, ta Nikki da Paraku da Jugu, kuma unguwannin Zango da muke kwana a ciki yau su ne shaida. Ba a taɓa jin madugu mai hankali ya ɓata rijiyar zango ba, domin ya san zai dawo ta nan, in bai dawo ba ɗansa zai dawo. Saniya ba ta san tuta ba, ƙishirwa ta sani.

Kuma mu tuna abin da muka karanta tun muna yara. Babin farko da malam ke buɗe wa almajiri a fiƙihu shi ne na tsarki, kuma a nan muka koyi cewa ruwan da najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi bai halatta a yi alwala da shi ba. Mun koyi cewa an hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, an hana ƙazanta mashayar jama'a, kuma ruwa da makiyaya haƙƙi ne na tarayya. Abin tarayya kuwa, yadda kake da rabo a shansa haka kake da rabo a gyaransa. Yaya mutum zai gina masallaci da ribar shanu, alhali rafin da ke bayan masallacin shanunsa ne suka hana a yi alwala da shi?

ABIN DA KE GABANMU

Daga ƙarshe, ga abin da ya fi ba ni tsoro. A watan Disamba na 2019 gwamnatin Benin ta hana garkunan ƙasashen waje shigowa kiwo, kuma tun daga lokacin manufarta ita ce a zaunar da makiyaya wuri guda. Ma'anar wannan ita ce, tafkin da a da yake hutawa in shanu sun yi gaba, yanzu ba ya hutawa. Garuruwa kuma suna girma, gonakin kaju da doya suna matsowa, kowa yana neman ruwan nan ɗaya. Ranar da aka rasa yadda za a yi, ba gonar auduga za a tayar ba, ba gari za a tayar ba. Waya za a zagaya wa madatsa, a kafa allo a ce an hana shanu. A ranar za mu koma sayen ruwa a tanka, ko mu ɗora shanu a mota da ƙishirwa su isa kasuwa a rame. Mun ga wahalar rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun ga ta gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Waɗannan ba mu da iko a kansu, haƙuri kawai muka yi. Amma rufe mashaya, wannan muna da ikon hana shi, in mun tashi tun yanzu.

Saboda haka ina roƙon shugabanni su sa wannan magana a cikin ajandar babban taro mai zuwa, a zaɓi kasuwa ɗaya da madatsa ɗaya a gwada na shekara guda kafin rani ya kama. Ni dai na yi alkawarin buhun siminti goma na kwamin farko, kuma wannan karon zan tsaya in ga an gina shi. Wanda yake da shawarar da ta fi tawa ya rubuto, fili na kowa ne. In na ɓata wa wani rai a cikin maganata, ya yafe mini, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye dukiyarmu da hanyoyinmu, Ya sa mu gama lafiya. Wassalam.

Naku,
Wani dillalin shanu, Zangon Paraku.